Fim ɗin Japan a Siton Gyaɗa

Da sunan Allah nake farawa. Masu karatu, ina gaishe ku, kowa a inda yake zaune. Amma wanda ke cin abinci a cikinku ya ture kwanon gefe tukuna, don abin da zan ba ku yau, ni kaina in na tuna shi sai yawu ya taru mini a baki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Barira, 'yar Malam Muntaka mai karantarwa a Falgore ta ƙasar Rogo. Shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta a ko'ina, malamai suka yi ƙaranci, sai aka kwashi irinmu da ba mu ƙarasa kwalejin horon malamai ba aka rarraba mu. Ni aka tura ni Karaye, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wata malama 'yar Yammedi mai suna Laure, a gidan wata tsohuwa, Inna Ramatu.

Ba zan yi wa Laure ƙarya ba, kyakkyawa ce. Doguwa, fara, ga wushirya. In ta ɗaura leshinta ruwan ƙwai, ta kafa ɗaurin kallabi, ta zizara kwalli, ta fesa turare ta fito, har dattawan bakin masallaci sai sun sunkuyar da kai. Amma ku biyo ni cikin ɗakin! Kwanon tuwo zai kwana a ƙarƙashin gadonta har ya yi fumfuna. In ta tsefe kai, gashin sai ta dunƙule ta cusa a tsagar bango. Farcen da ta yanke kuwa na sha taka shi da asuba. Ga ɗaukar kayan mutane babu tambaya: sabuluna, hodata, har zanen da nake salla da shi.

Ita ma tana da nata ƙorafin. Wai ni na cika iyayi, komai sai na wanke sau biyu, wai ina kallon ta kamar kashi. Da abin ya ishe mu sai muka ɗaura igiya a tsakiyar ɗakin muka rataya tsohon zanen gado. Taga ta faɗa ɓangarenta, ƙofa ta faɗa nawa. In ta ji haushina ta rufe taga in sha zafi. In na ji nata in ja akwatina in tokare hanya.

A gida kuma wata wutar ce. Duk Juma'ar da na je Falgore, kafin in cire takalmi Bappa Barau, ƙanen Baba, ya fara.

"Yaya, wai har yaushe? Yarinya ta haura ashirin tana fama da alli da 'ya'yan mutane. Sa'o'inta kowacce da goyo."

Baba ba mai yawan magana ba ne. Sai dai ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Barira, ni ba zan zaɓa miki ba. Amma ki fito da wanda kike so kafin a gama kaka."

Ana cikin haka Lurwanu ya shigo rayuwata.

Ɗan Rogo ne. Ya yi 'yan shekaru a Kano yana aiki a gidan sinima, ya dawo da tsohon injin majigi, da injin wuta mai tari kamar tsoho, da farin ƙyalle, da wata a-kori-kura da sai an tura take tashi. Ya tara suma, ga wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, ga takalmi mai tudu, ga baƙin tabarau ko da hadari ne a sama. Fim kuwa guda ɗaya tak yake da shi, shi yake zagaya garuruwa da shi. Mutane suna cewa fim ɗin 'yan Cana, shi kuma ya ɓata rai.

"Ba Cana ba ne. Ɗan Japan ne. Ku dinga bambancewa."

Bappa Barau ya ɗauki son duniya ya ɗora masa, don a sitonsa na gyaɗa da ke Rogo yake ajiye kayan. Shi ya nuna masa ni, shi kuma ya kwatanta masa gidan Inna Ramatu.

Masu karatu, kada ku yi mini dariya. Abin da ya sa na faɗa ba sumar ba ce, ba tabaran ba ne. Lurwanu ya iya saurare. Zai zo da la'asar mu zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce:

"Ranki ya daɗe, na ga fuskar nan ba walwala. Mutuniyar ce kuma?"

"Kai dai bari."

"Faɗa mini. In ba ki faɗa mini ba wa za ki faɗa wa?"

Sai in kwance baki. Kwanon tuwo, gashin bango, igiya, taga. Yana dariya yana tafa hannu yana cewa, "Sai kuma me? Ita kuma me ta ce?" A raina ina cewa, Allah na gode maka, yau ga wanda ya damu da damuwata. Har wata rana na faɗa masa cewa Laure tana firgita a barci, ta tashi tana kuka tana cewa, "Inna, kada ki tafi ki bar ni," don mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki." Na ɗauka tausayi ne.

Wata Lahadi muna ɗaki, kowacce a ɓangarenta, rediyon Laure yana kunne ana filin gaishe-gaishe, sai muka ji mai gabatarwa ya ce, "Lurwanu mai majigi daga Rogo yana gaida malamar da ke gidan Inna Ramatu a Karaye. Ya ce ita ta san kanta."

Na cusa fuska a matashi ina murmushi. Can sai na ji Laure a bayan zane tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, tana kaɗa ƙafa har gadon ƙarfenta yana ƙara. Na ce a zuciya, ji 'yar baƙin ciki, wai ita nan nuna mini take bai dame ta ba.

Ba a jima ba ya zo da albishir. Ranar Asabar zai yi wa mata zalla majigi da rana a siton Bappa, tunda su ba sa fita kallon dare. Shi zai zauna da lasifika a bayan tabarmar da za a rataya ta kare shi daga matan, yana fassara.

"Ki zo ki zauna a gaba," ya ce. "Amma kada ki gaya wa mutuniyar. Ba na son ta ɓata miki rai."

Ranar da safe na ciro atamfata sabuwa mai ganyen shuɗi, wadda na ɓoye a ƙasan akwati don kada Laure ta gan ta. Na sa 'yan kunnen Innata, na goga jan baki kaɗan, na yafa farin mayafi. A bayan zane ina jin ƙarar awarwaro da ƙamshin turare.

"Malama Barira, sai ina haka?" ta tambaya.

"Gida."

"Ni ma unguwa zan je."

Kowacce ta fita ta bi hanyarta daban. Ina isa tasha na hau motar Rogo, ina ɗaga kai sai ga Laure a benci mai kallon nawa, cikin leshin nan ruwan ƙwai. Har muka isa kowacce ta kawar da kai tana kallon hanya. Na dai ƙudura a raina cewa biyo ni ta yi.

Siton kuwa, subhanallahi! An toshe tagogi da buhuna, an rufe ƙofa. Warin tsohuwar gyaɗa da kashin jemage da zufa da fitsarin yara duk sun haɗu sun tsaya a maƙogwaro. Mata sun cika maƙil, na Rogo da na Falgore da na ƙauyukan kewaye. Ga Gwaggo A'isha matar Bappa tana ta yi mini alama da ido tana dariya. Na samu gaba na zauna. Laure ta zauna a ɗaya gefen, ita ma a gaba.

Injin ya yi tari ya tashi. Haske ya faɗa kan ƙyalle.

Ni dai ban taɓa ganin abin takaici irin wannan fim ba. Ya tsufa har kalarsa ta koma ja-ja, layuka suna zubowa a kai kamar ana ruwa. Labarin wasu 'yan mata biyu ne 'yan Japan, mayaƙa, suna zaune a wani ɗan ƙanƙanen ɗaki, ɗaya mai dogon gashi, ɗaya mai guntu. Ba sa ga maciji da juna. In ɗaya ta daki bango, sai bangon gaba ɗaya ya yi rawa, kana gani ka san kwali ne. In aka sari mutum, jini ya yi tsartuwa kamar an fasa tulun jan fenti. Wani ƙato mai sanƙo an kashe shi a kan gada, can sai ga shi ya sa hula ya dawo an sake kashe shi a kasuwa. Wani ma ya mutu yana kwance, da aka taka masa hannu sai ya janye. Ga wani saurayi mai babur da 'yan matan suke ta faɗa a kansa, fuskarsa kamar wanda ya sha tsamiya.

Amma mata suna ta shewa, saboda muryar Lurwanu. Ya iya, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya maƙale murya ya yi ta mace, ya buɗe ya yi ta ƙato.

Aka nuno mai guntun gashi ta shigo ɗaki tana nuna ƙasa da yatsa tana masifa da yarensu. Sai lasifika ta ce:

"Ke ƙazama! Wannan kwanon tuwon na ƙarƙashin gado, jira kike ya haihu?"

Sito ya ɗauki dariya. Ni ma na fara, sai na katse ta.

Mai dogon gashi ta juyo tana zare ido. Lasifika ta ce:

"Iyayin banza! 'Yar malam mai wanke sabulu da sabulu! To na rufe tagar, ki mutu da zafi!"

Wannan ba maganata ba ce. Ni ban taɓa gaya masa ana ce mini haka ba. Na waiwaya a hankali. Hasken ƙyallen yana kan fuskar Laure, bakinta a buɗe, ita ma ni take kallo.

Masu karatu, a nan na gane. Ranakun da nake zuwa koyar da matan aure karatun yaƙi da jahilci, ashe gindin dalbejiyar nan ba ya zama babu kowa.

Abin bai tsaya nan ba. Gashin bango ya fito. Igiya da zane suka fito. Zanen salla ya fito. Wata mata a bayana ta ce, "Wai ashe su ma Japan suna cin tuwo?" Wata ta amsa mata, "Ke, ba ki gane ba? Malaman nan na Karaye ne, na gidan Ramatu." Na ji raɗa tana bin sahu-sahu kamar wutar kara.

Sai aka zo inda mai guntun gashi take kwance an yi mata rauni, ɗayar tana tsaye a kanta. Lurwanu ya yi wata 'yar dariya a lasifika kafin ya ce:

"Tashi, malama! Ƙatuwa da ke kin jiƙa katifa! Wa zai wanke miki yau?"

Innalillahi. Watannin baya na yi zazzaɓi mai zafi har na fita hayyacina, abin ya kufce mini a kwance. Laure ce ta wanke zanen da hannunta tun kafin gari ya waye, ta shanya katifar a bayan ɗaki ta ce wa Inna Ramatu ruwa ne ya zube. Ta rantse mini babu mai ji. Ga shi yau matan garinmu suna riƙe ciki, Gwaggo A'isha har da share hawaye.

Ban gama haɗiye wannan ba, aka nuno mai dogon gashi ta farka a firgice, an kusanto da fuskarta ta cika ƙyallen. Na san abin da ke tafe. Na ce a raina, kada ka yi, Lurwanu, don girman Allah kada ka yi.

Ya siranta murya kamar ta ɗan akuya.

"Innaaa! Inna, kada ki tafi ki bar ni!"

Aka kwashe da dariya har da buga ƙafa. Laure ba ta yi kuka ba. Miƙewa ta yi, inuwarta ta rufe rabin fim ɗin, ta bi wayar wutar da ke kwance a ƙasa har bakin ƙofa ta fizge ta. Ɗif! Duhu ya rufe siton, yara suka fasa ihu, wata ta banko ƙofa haske ya shigo.

Ni kuma na zagaya bayan tabarma. Yana zaune a kan buhu, ya cire riga saboda zafi, zufa tana bin ƙirjinsa, ga ɓawon rake da ya tauna ya tofar a gabansa ƙudaje suna bi. Wallahi sai na ji kamar in amayar da duk wata kalma mai daɗi da na taɓa gaya masa.

"Wa ya taɓa mini waya?" ya ce. Da ya gan ni sai ya washe baki. "Ranki ya daɗe! Kin ji yadda suke dariya?"

"Lurwanu, me na yi maka?"

"Haba, wasa ne fa. Na kama sunan wani?"

"Abin da 'yan Japan ɗin suke faɗa ke nan?"

"Wa ya san abin da suke faɗa? Ni ina na ji Japananci?" Ya ɗauki rigarsa yana goge wuya da ita. "Barira, fim ɗin nan ba shi da daɗi, ke ma kin gani. Tsakiyarsa ma babu, ɓera ya cinye. Da can mutane tashi suke tun ba a kai rabi ba. Tunda na fara sa labarinku, ko a Daura sai da suka sa na maimaita. A Yammedi kuwa har a kan katanga aka zauna."

"A ina?"

Muryar Laure ce a bayana. Ban san ta iso ba.

"A Yammedi ka yi wannan? A gaban Babana? Da muryar uwata a bakinka?"

Ya ɗan sosa suma. "Laure, ke ma kin cika ɗaukar abu da zafi. Ku biyun nan fa duk ina ji da ku."

Na tara yawun da ya cika mini baki na tofar a gefen takalminsa mai tudu. Na kama hannun Laure, karo na farko tun da aka haɗa mu, muka ratsa matan nan suna buɗa mana hanya suna kallon ƙasa.

Motar Karaye ta riga ta tafi, don haka na ce ta biyo ni Falgore ta kwana. A hanya, tsakanin gonakin gyaɗa, ta tsaya ta dafa wata bishiya ta yi kukan da ta riƙe. Na tsaya a gefenta.

"Ni na gaya masa zancen Innarki," na ce. "Ki yafe mini."

"Ni ma ni na gaya masa naki." Ta fyace hanci da bakin leshin nan mai tsada. "Cewa ya yi ke kike bin sa, shi ba ya son ki."

"Ni kuma ya ce ke ko gaisawa ba kwa yi."

Muka dubi juna, sai ga mu muna wata irin dariya mai ɗaci. A gida Innata ta dama mana fura a ƙwarya ɗaya, muka sha da ludayi ɗaya, ban ko goge bakinsa ba. Na ce a raina, ashe dai 'yar'uwa Allah ya ba ni na tsaya ina faɗa da ita a kan sabulu.

Bayan sallar la'asar Baba ya aiko a kira ni zaure. Ya ce baƙuwar ma ta zo. Muka durƙusa daga bakin ƙofa muka gaishe shi. Bappa Barau yana gefe a kan buzu, a gabansa ga ƙwaryar goro da ƙunshin alewa.

"Da safen nan manyan Lurwanu suka zo neman izini," in ji Baba. "Ban ba su amsa ba. Yanzu kuma A'isha ta dawo da wani labari. Ina son in ji daga bakinki."

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa, har abin da nake jin kunyar faɗa. Bappa ya yi ta gyara zama.

"Yaya, ƙuruciya ce kawai. Yaron nan yana da sana'a, yana da mota. Wasan majigi ne fa, gobe an manta. In ta saki wannan wa zai zo? Yanzu ma da garin nan kowa ya ji..."

Baba ya ɗaga masa hannu ya katse shi.

"Barira, kina son sa?"

"A'a, Baba. Ko hanyar da ya bi ba na son in taka."

"Shi ke nan. Barau, ka mayar musu da goronsu yau, kada ya kwana a gidan nan. Ka kuma ce ya kwashe kayansa daga siton. Wanda aka ba amanar magana ya kai ta kasuwa, ba zan ba shi amanar mutum ba."

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Bappa ya ja ƙwaryar gabansa yana huci.

Sai Baba ya juya ga Laure, ya sassauta murya.

"Ke kuma 'yata, ki yi haƙuri. Abin da aka yi miki ya fi na Barira ciwo. In kina so, gobe zan tura a gaya wa mahaifinki halin yaron nan, don kada ya je can ya yaudare su."

Laure ta sunkuyar da kai. Tana ta murza bakin mayafinta. Na ɗan taɓa ta da gwiwar hannu, ina nufin ta yi godiya mu tashi.

"Baba," ta ce a hankali, "kada a tura."

"Saboda me?"

Ba ta dube ni ba. Idonta yana kan ƙwaryar goron da ke gaban Bappa.

"Tunda dai Barira ta ce ta bar shi... ni ina son sa."

Bappa Barau ya saki baki. Baba ya ajiye carbinsa a kan buzu. Ni kuwa furar nan da muka sha da ludayi ɗaya ta taso mini har wuya, na toshe baki da mayafi na fita da gudu zuwa bayan gida.